Motar Karan Kashim

Akwai wani mutum a Gafasa, ta ƙasar Ajingi, ana ce masa Kashim. Kakanninsa daga gabas suka zo tun da daɗewa, suka sami ƙasar noma suka zauna. Yanzu ba abin da ya rage wa gidan na can sai sunaye, da 'yan kalmomin da tsofaffi ke yi wa jikoki faɗa da su.

Kashim soja ne, direba. Ya yi shekaru yana tuƙa motar sintiri can bakin iyaka, inda ba gari ba inuwa, sai rairayi iya ganin mutum. Wata rana motar ta taka nakiya. Shi ya fita da rai, amma ƙafar dama ta sami matsala, kunnen dama kuma ya toshe. Abokinsa da ke zaune a gefensa, Abdulmumin, mutumin Balan ta ƙasar Gaya, bai fita ba. A can aka yi masa sutura.

Aka sallami Kashim daga aiki, ya dawo gida ana tsakiyar kaka.

Matarsa Bilki ta yi murna irin ta wadda ta daɗe gabanta na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Murnar ba ta je ko'ina ba. Mutumin da ya tafi mai surutu ne, mai tsokanar kowa. Wanda ya dawo, sai a wuni ba a ji muryarsa ba in ba a sallah ba.

Da ya ɗan sami ƙarfin taka ƙafa, ya hau acaɓa ya tafi Balan yi wa mahaifiyar Abdulmumin gaisuwa. Ya dawo da la'asar, ya wuce kwanon abincinsa ko kallo bai yi masa ba, ya nufi bayan gida inda aka jingine karan dawa. Ya zaɓi masu kauri ya shiga zaure da su.

Ba wanda ya tambaye shi abin da ya faru a Balan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Washegari aka gan shi a filin ƙofar gida yana zana wani dogon abu a ƙasa da sandarsa, yana aunawa da kamu. Tsawon motar gaske yake fitarwa. Kowane kamu ɗaya ya mayar da shi faɗin yatsu biyu, ya koma zaure ya fara fere kara da reza.

Motar kara yake yi, irin wadda kowannenmu ya yi yana yaro. Sai dai tasa ba irin tamu ba ce. Mai buɗaɗɗen baya ce, da mazaunin bindiga a tsakiya, da tayar ajiya a gefe, da jarkokin ruwa da ya fere daga totuwa. Har farantan nan da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe a yashi sai da ya yi. Ƙayar aduwa ce ƙusarsa. Tayoyin kuwa daga tsohon silifa ya yanko su. Idan ƙofa ta fi awo da ƙiris, sai ya warware ya sake.

Yaran unguwa suka yi ta leƙe da farko. Da suka ga ba ta da sandar tuƙi, ba kuma za a ba su ja ba, suka watse. Manya ne ba su watse ba. 'Yan majalisar gindin darbejiya suka sami abin taunawa: Soja ya sayi mota, a je a kama kujera, gobe za a fara lodin Kano.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, ko fenti bai yi mata ba. Maimakon haka, duk gefen da ya haɗa sai ya goge shi da dutse har ya yi sumul. Daga nan ya rufe ido, ya bi motar da yatsu a hankali daga gaba zuwa baya, leɓensa na motsi. Ƙato da gemu, ido rufe, yana shafa abin wasan yara yana magana shi kaɗai. Ba sai an gaya muku abin da gari ya ce ba. Wasu suka ce ƙarar nakiya ce ta taɓa kan. Wasu suka ce iskokin sahara ne suka biyo shi.

Rani ya shige a haka.

Bilki ce ke ɗanwaken sayarwa da safe, ita ke surfe, ita ke ɗinkin hula da rana, ita ke kai ƙaramarsu asibiti. Ta gaji. Ba gajiyar da barci ke warewa ba, irin wadda mutum ke tashi da ita. In ta shiga gidan suna, sai hira ta tsaya, a shiga yi mata sannu da wata murya mai taushi da ta fi zagi ciwo.

Wan Kashim, Babagana, shi ke riƙe da gonar gado shi kaɗai, kamar yadda ya riƙe ta duk shekarun sojan. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai son a ce ba a taɓa jin abin kunya daga gidansu ba, kuma shi ma bayansa ya gaji. Ya yi tsammanin ƙaninsa zai kama masa ko da shuka ce. Aka yi ruwan shuka, Kashim na zaure yana fere kujera.

Sai Babagana ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, Bilki ta durƙusa daga ciki. Ya ce mata akwai wani mai magani a wani ƙauye gaba da Ajingi, yana karɓar masu irin wannan lalura, ya sa musu mari a ƙafa har su dawo hayyacinsu. Ya ce ba zai ɗauki ƙaninsa da ƙarfi a gaban jama'a ba. Ita ce za ta lallaɓa shi ya shiga mota, ta ce asibiti za a je duba ƙafa.

Bilki ta ce a ba ta lokaci. Abin da ya tsaya mata a rai, a wace ƙafar za a sa marin, mai ciwon ko mai lafiyar.

Damina ta kankama. Wata safiya aka tashi bayan ruwa mai yawa, itace ya jiƙe sharkaf, karan bayan gida ya daɗe da ƙarewa. Bilki ta hura murhu har idanunta suka yi ja, hayaƙi kawai. Ga ƙullun ɗanwake a kwaɓe, ga yara sun sa ta a gaba. Wuri ɗaya ne busasshen kara ya rage a gidan, kuma ta san inda yake.

Kashim ya tafi a wanke masa ƙafa. Ta shiga zaure ta kwashe guntayen da ke ƙasa, suka kama, suka cinye kafin ruwa ya yi ɗumi. Ta koma.

Kada mu yi mata ƙarya, ta san abin da take ɗauka. Ta cire tayoyin don kada robar ta ɓata mata abinci da wari, ta karya motar biyu a gwiwa ta tura murhu. Aikin wata da watanni ya tafasa tukunya ɗaya.

Da Kashim ya dawo ya ɗan daɗe a zaure. Sannan ya shigo yana jan ƙafa, ya ga tayoyin a gefen murhu, ya sunkuya ya tsince su ya zuba aljihu. Bilki ta shirya wa faɗa. Ita ma tana da maganganun da ta tara, tana jira a taɓa ta su zubo.

Ya ce, "Yara sun ci?"

Ta ce sun ci.

Ya ce, "To, alhamdulillahi."

Ya juya. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta ɗauka an gama ke nan. Ashe ba a gama ba. Da rana sai ga shi a jikin dangar da ta kare gidan daga hanya, yana zare kara ɗai-ɗai, yana zaɓen masu ƙwari yana kaiwa ɗaki su bushe. Kwana kaɗan danga ta zama taga. Mai wucewa in ya waiga sai ya ga turmi, ya ga shanya, ya ga matar gida ba mayafi. Bilki ta rataya tsohon zane a wurin, iska ta ɗage shi.

Nan Babagana ya ce magana ta ƙare. Wanda ya fara tona asirin gidansa da hannunsa, me ya rage? Ya ce ranar kasuwar Ajingi zai zo da mota. Bilki ta sunkuyar da kai ta ce to. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa.

Ana gobe kasuwa, bayan azahar, ta kai masa abinci zaure. Sabuwar motar ta kusa haɗuwa. Da yake sauri yake yi wannan karon, ɓawon kara ya yayyanka masa yatsu, duk ya ɗaure su da tsumma. Idonsa a rufe, yana bin gefen ƙofar motar.

Ta ajiye kwanon za ta fita, sai ta tsaya. Ba tausayi ne ya tsayar da ita ba, gajiya ce ta kai inda ba ta jin nauyin komai.

Ta ce, "Maigida, wai me ya sa kake rufe ido?"

Ya buɗe ido ya dube ta.

"Wadda zan kai wa ba ta gani," in ji shi. "Da hannu za ta duba. Ba na so sartse ya shige ta."

Bilki ta nemi wuri ta zauna.

A hankali, yana yi yana tsayawa, ya ba ta labarin Balan. Mahaifiyar Abdulmumin, Inna Talatu, makauniya ce. Tun da saƙo ya zo ta ƙi karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ita ba a kawo mata gawa ba. Har yau tana murza ƙuli-ƙuli, 'yarta Adama ta soya, a ajiye masa. Da Kashim ya je ya ce shi ne direban, sai ta tambaye shi mota ɗaya suke ko biyu. Ya ce ɗaya. Ta ce to yaya mota ɗaya za ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya? In shi ya fito, ɗanta ma ya fito, sai dai in ɓoye mata ake yi. Ta ce ya nuna mata.

Kashim ya ce, "Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ko yanzu ba ta fita. Shi ne na ce bari hannu ya faɗa."

Ta ce me ya hana shi gaya mata tuntuni.

Ya ce, "Ni na tuƙa shi na kai shi wurin, Bilki. Ba labarin da nake iya farawa ba ne. Kuma ba wanda ya tambaya."

Ta fara kame-kamen gaya masa maganar motar gobe, ya ɗaga mata hannu. Ya ce kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki, ya ji duk abin da aka shirya. Bai ƙi ba. Wataƙila ma Yaya ya yi gaskiya, shi kansa ba ya jin kansa daidai. Abin da yake roƙo kawai, idan an kai shi, ta sami wanda zai miƙa motar Balan.

A nan ne kukan da ta rasa ya zo.

Da ta share fuska ta ja tabarma kusa ta ce ya nuna mata abin da ya rage. Ranar ba a yi surfe ba. Ita ke riƙe, shi ke soka ƙaya. Ta rufe nata idon ta bi motar da yatsu, ta gano sartse a ƙarƙashin kujera, aka goge. Da ya ce mata Abdulmumin kan rataye wani abu a jikin madubi, ta tashi ta shiga maƙwabta ta dawo da shi, ta ƙulle a ɗan ƙyalle da zaren hula.

Da safe Babagana ya zo da motar haya. Bilki ta fito da mayafi, ɗauke da faifai an rufe da sabon zane, kamar mai kai kayan gara. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Yaya, Balan za mu fara zuwa. In mun fito daga can, duk inda ka ce a je, ba zan yi musu ba."

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ya dube ta, ya dubi faifan, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya ce wa direba ya juya. Har suka isa Balan taɓo na ta ƙara a ƙarƙashin mota.

Adama ce ta riƙo hannun Inna Talatu ta kawo ta soro. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta rame, tana ƙanshin man gyaɗa. Da ta ji muryar Kashim ta ce in gaisuwa ce ta kawo shi, ya san hanya.

Ya ce, "Inna, kin ce in nuna miki. Na kawo."

Bilki ta ɗora mata faifan a cinya ta yaye zanen. Tsohuwa ta kai hannu. Ta bi gaba, ta bi baya, ta taɓa jarkoki, ta juya taya. Ta tambayi girman ta gasken, ya ce faɗin yatsunta biyu kamu ɗaya ne. Ta auna da kanta tun daga hanci har wutsiya, ta gyaɗa kai.

Kashim ya kama yatsanta ya ɗora kan kujerar hagu ya ce nan shi direba yake. Ya matsar da shi kan ta dama.

"Nan Abdulmumin yake."

Yatsan ya tsaya a wurin, yana shafa ɗan guntun totuwa.

Sannan ya kai hannunta kan tayar gaba ta dama, wadda ya yi ta yadda za a iya zarewa. Ya zare ta ya sa mata a tafi. Ya ce wannan ce ta taka. Tsakanin kujerun kuma akwai wani dunƙulen yumɓu da ya busar, ya ce wannan ƙarfen inji ne, shi ya tare masa.

Inna Talatu ta auna daga gurbin tayar zuwa kujerar ɗanta. Yatsu biyu ba su shiga ba. Ta auna zuwa ta Kashim, ta ci karo da yumɓun. Ta sake aunawa. Babagana da ya tsaya a bakin ƙofa da niyyar ba zai zauna ba, ya sami kansa a tsugune.

Ta ce, "Ya sha wahala?"

"Ko ƙarar bai ji ba, Inna."

Hannunta ya ci gaba da tafiya har ya taɓa ɗan ƙullin da ke lilo a jikin madubi. Ta murza shi, ta kai hanci. Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ne na gaske.

"Wannan fa?"

"Ƙullin da kike aika masa ne. Nan yake rataye shi, don kada mu cinye masa."

"Yana isa gare shi?"

"Yana isa. Ranar ma da safe ya ci, ya gutsura min."

Tsohuwa ta saki ƙullin. Sai ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar mai sauke tulu daga kai. Hawaye suka biyo idanun da ba sa gani. Ta ce wa Adama ta fito da tabarmi, ta aika a gaya wa liman da maƙwabta, masu gaisuwa su zo. Ƙuli-ƙulin da aka tara kuma a fito da shi a yi sadaka.

Kashim ya gyara zama. Maganar da ya zo da ita tun kaka ya koma da ita, yau ya faɗe ta.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗan nan," in ji ta. Ta laluba ta kama hannunsa mai tsummoki, ta ji yankan da ke jiki. "Kai ma ya haƙuri? Abokinka ne. Ba kai ka binne abin ba."

Tun da ya dawo an yi masa barka da arziki, an yi masa sannu da ƙafa, an yi masa dariya. Ba wanda ya taɓa yi masa gaisuwar mutuwa. Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa, aka bar shi ya yi mai isarsa.

Babagana ya fita waje ya sallami direba, ya ce ya je ya yi lodin kasuwarsa, su sai yamma.

Ba zan ce muku Kashim ya warke ranar ba. Har yanzu ƙarar tsawa na razana shi, akwai kuma ranakun da ba ya magana. Daga baya Babagana da kansa ya raka shi asibiti na gaske ya ga likita. Amma washegarin zuwa Balan, da sassafe, Bilki ta ji motsi a jikin danga. Ta leƙa ta ga Babagana ya kwance rufin rumfar gidansa ya ɗauko karan a ka, yana toshe tagar. Kashim na daga ciki yana miƙa masa igiya.

Motar tana Balan, a gefen katifar Inna Talatu. Adama ta ce kujerar dama har ta yi baƙi don shafa.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ka ga yana yi, buɗe baki ka tambaye shi. Gari guda ya yi wata da watanni yana fassara Kashim, tambaya ɗaya ce ta hana a sa masa mari. Wanda ya yi shiru ba lalle ne ya rasa hankali ba, wataƙila kayan da ya ɗauko ne suka fi ƙarfin bakinsa. In akwai irinsa a gidanku ko unguwarku, je ka zauna kusa da shi yau. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, ba ku san wanda yake gab da amsa to saboda gajiya ba.